Amsoshin Tambayoyinku: Yaro Mai Lalurar Ƙwaƙwalwa da Haɗurran Cikin Gida

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon galibinsu daga iyaye da kakanni suke, waɗanda ke renon yara masu galahanga, ko farfaɗiya, ko shanyewar gaɓoɓi tun jarirantaka. Mun zaɓi shida muka miƙa wa likitan yara da ma'aikaciyar jinya ta ɗakin masu ƙuna da mai gashin ƙashi, duk a nan Kaduna, suka haɗu suka amsa. Mun sakaya sunayen masu tambaya.

"Ɗana shekararsa 7, likita ya ce galahanga ce irin wadda ake kira otizim. Ba ya magana, ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Da ya ga ƙofa a buɗe sai ya fice. Sau biyu ana tsinto shi a bakin kududdufin bayan layinmu. Mahaifinsa ya ce in riƙa ɗaure masa ƙafa a jikin turmi idan zan yi aiki, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba." Maman Sadik, Rigasa

Maman Sadik, tsoron maigidanki yana kan hanya, dabararsa ce ba ta yi ba. Igiya tana cin fata, tana iya naɗe wuya idan yaro ya yi ta juyi, kuma ranar da wuta ta kama ba shi da hanyar tsira. Yaron da ake ɗaurewa kuwa, da an kwance shi gudunsa ya fi na da.

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya gano kusan rabin yara masu otizim sun taɓa yunƙurin sulalewa daga inda ake kula da su bayan sun kai shekara 4. A cikin waɗanda suka rasa ransu bayan sun fita, ruwa ne ya fi ci. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to shi Sadik kunnen yana ji, gargaɗin ne ba ya zama. Don haka duka da tsawa ba za su hana shi fita gobe ba. Aikin yana kan ƙofa da ruwa da mutanen gida.

Ki sa kafinta ya kafa sakata a saman ƙofar gida, tsayin santimita 170 daga ƙasa ko fiye, sannan a kawar da turmi, benci da bokitin da zai iya takawa ya kai. A rataya ƙararrawa a jikin ƙofar. Ko gwangwanin madara ne da tsakuwa a ciki ya wadatar, muddin zai yi ƙara duk lokacin da aka buɗe. Idan gidan haya ne, sai an zauna da kowa an yi magana, har da yaran maƙwabta masu shiga da fita, domin su suka fi barin ƙofa a buɗe.

Rijiya tana son murfin ƙarfe da kwaɗo. Langa-langa da dutse a kai ba murfi ba ne ga ɗan shekara 7. Duro a rufe shi a ɗaure, bokiti da baho a kife su da an gama wanki, ramin sokawe a duba ko sumuntinsa ya tsage. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 5 ba idan ya kifa da fuska, kuma ba ihu ba fantsama, shiru kawai za a ji.

Abin mamaki, ranar da gida ya fi cika ita ce ranar da irin waɗannan yara suka fi ɓata: suna, biki, Sallah, ko daf da magariba ana hidimar alwala da tuwo. Kowa yana zaton yana wurin wani. Maganin wannan shi ne a riƙa miƙa shi da baki: "Sadik yana hannunki har in fito." Sai wadda aka ba ta amsa kafin ki juya. Kada a ɗora wa wani ƙaramin yaro wannan nauyi, ko da yayarsa ce.

Ki rubuta lambar waya a ƙyalle a ɗinke a bayan rigunansa, ki ajiye sabon hotonsa a wayarki, ki sanar da mai shago da mai shayi da 'yan A Daidaita Sahu na bakin layi cewa duk wanda ya gan shi shi kaɗai ya riƙe shi. Ranar da aka neme shi aka rasa, kada a ɓata lokaci ana leƙa ɗakuna. A fara da ruwa: rijiya, duro, kududdufi, babbar kwata, musamman a Agusta da Satumba da ko'ina ke cike. Daga nan titi da layin dogo. Idan an ciro shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a hura masa iska a baki sau 5, sai a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a yi ta maimaitawa yayin da wani ke neman mota ko kiran 112. Kada a juya shi kai ƙasa ko a matsa cikinsa wai don ruwa ya fito. Ko ya farfaɗo sarai, a kai shi asibiti ranar.

Sannan ki ba shi abin da yake nema ta hanyar da ba haɗari. A zagaya da shi unguwa kullum a lokaci ɗaya, a bar shi ya yi wasa da ruwa a baho kina zaune kusa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana ganin yara masu irin wannan lalura.

"'Yata mai shekara 9 tana da farfaɗiya da jinkirin fahimta. Watan jiya ciwon ya tashi tana gaban murhu, hannunta ya faɗa garwashi. Matan gida suka dare don tsoron yawunta, sai da uwarta ta fito daga wanka ta janye ta. An fasa ƙwai an shafa mata, an ƙara da makilin. Yanzu yatsu biyu sun fara mannewa." Malam A., Hayin Banki

Malam, a cikin makon nan za ka kai ta asibiti, Barau Dikko ko asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, kada a jira ciwon ya gama warkewa. Fatar da ta ƙone tana tsukewa yayin da take haɗewa. Idan ba a naɗe kowane yatsa daban ba, an sa abin da zai riƙe hannun a miƙe, ana motsa shi kullum, yatsun za su ƙage, daga nan sai tiyata.

Ka gaya wa matan gidan da babbar murya: ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko numfashi, ko taɓa jiki. Wannan camfi shi ya mayar da ƙaramar ƙuna babba. Yaro mai lafiya yana fizge hannunsa daga wuta kafin ƙiftawar ido, ita kuwa ba ta san inda take ba, hannun yana nan har sai an zo. Shi ya sa ƙunar masu farfaɗiya take yin zurfi. Irin wannan ƙuna takan yi fari ko ta yi tauri kamar fatar jima, wani lokaci ma ba ta zafi saboda jijiyoyin wurin sun mutu, sai iyaye su ce da sauƙi.

Abin da ake yi wa ƙuna ruwa ne, na famfo ko na randa, a yi ta kwararawa minti 20 cif, a duba agogo, domin minti 20 ya fi yadda mutum ke zato tsawo. Idan ba famfo, a riƙa zubawa da buta ko moɗa. Yana da amfani ko an makara, har zuwa awa 3. Ban da ƙanƙara, tana ƙara kashe fata. A lulluɓe sauran jikin da zane, musamman da hunturu, don kada sanyi ya kama ta. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, tufar da ta manne a bar ta, bororon da ya taso kada a fasa. A rufe da sabuwar leda mai tsabta ko gogaggen ƙyalle, ban da auduga. Ɗanyen ƙwai, makilin, manja, baƙin mai, gishiri, ƙullun koko, duk suna riƙe zafi ko su kawo ƙwayoyin cuta, kuma sai an kankare su a asibiti kafin a ga ciwon, yarinya tana kuka. Duk ƙunar da ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta taɓa fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko ta lantarki ce, ta asibiti ce.

Idan ciwon ya tashi, a duba lokaci, a janye ta daga wuta ko ruwa, a sa zane a ƙarƙashin kanta, a juya ta kan gefe don yawu ya zubo. Ba a danne ta, ba a sa cokali a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin dai yana karya haƙori. Ba ruwa, ba rubutu, ba magani ta baki sai ta dawo hayyacinta sarai. Matsa albasa a ido da kara ƙafa a wuta rauni ne a kan rauni. Idan jijjigar ta kai minti 5, ko ta sake tashi ba ta farfaɗo ba, a nufi asibiti nan take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 7 cikin 10 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan suna shan maganin da ya dace. Abin da ya fi tayar da ciwon a wurin mai shan magani shi ne tsallake sha, ko magani ya ƙare a ce sai an yi albashi. Ka riƙa sayen sabo tun na mako guda ya rage. Idan yana sa ta barci ko jiri, likita za a gaya wa ya gyara, yanke shi rana ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa.

A gida kuma, a kewaye murhu da bulo jeri uku, ko a mayar da shi lungun da ke da ƙyaure. Kada a hana ta aiki gaba ɗaya, za ta iya tsince shinkafa, gyaran alayyafo, shara, ninke kaya. Hura wuta, suya, sauke tukunya, jan ruwa a rijiya da hawa bishiya ne ba nata ba. Wanka ta yi a zaune da bokiti, ba sakata, wani yana jiyo ta, domin haɗarin mutuwa a ruwa ga mai farfaɗiya ya ninka na sauran mutane fiye da sau 15. A fara zuba ruwan sanyi kafin na zafi, a gwada da gwiwar hannu, a cire hita kafin ta shiga.

"Jikana shekararsa 4. Tun da ya yi shawara yana jariri wuyansa bai tsaya ba, ba ya zama. Ni nake ba shi abinci. In na ba shi da cokali sai ya yi ta tari, shi ya sa nake masa ɗura da kunu kamar yadda muka yi wa iyayensu. Amma kullum muna hanyar asibiti da ciwon ƙirji." Hajiya Kaka, Tudun Wada

Hajiya, Allah ya saka muku da alheri, wannan hidima ba kowa ke iya ta ba. Amma ɗurar nan a daina ta daga yau, domin akwai alamar ita ke kai ku asibiti.

Hanyar abinci da hanyar numfashi maƙwabtan juna ne a wuya. Duk lokacin da mutum ya haɗiya, wani ɗan marfi yana rufe hanyar numfashi. A wurin jikanku marfin yana makara. Idan aka kwantar da shi a cinya, aka toshe hanci, aka cika baki da kunu, dole ya ja numfashi ta bakin, sai kunun ya bi iska ya sauka huhu. Kwana biyu sai zazzaɓi da nimoniya. Wasu yaran ma ba sa tari sam, sai dai a ji muryarsu ta jiƙe tana gurgur, ido ya kawo ruwa.

Mutane suna zaton abu mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin haɗiya. Ga irin wannan yaro shi ya fi wuya, don yana gangarawa kafin maƙogwaro ya shirya. A dama kunun da kauri, ya riƙa saukowa daga cokali kamar kindirmo. A guji abin da ya haɗa ruwa da gudaji wuri ɗaya, irin shinkafa cikin romo, fura mai gaya, ko garin kwaki a ruwa. Dankali da wake da aka murƙushe, ayaba, dafaffen ƙwai da aka dama da miya, kunun gyaɗa mai kauri, duk suna yi. A ƙara ƙaramin cokali ɗaya na mai a kwano don ya samu ƙarfi.

Zama shi ne rabin aikin. A zaunar da shi a miƙe, a kusurwar ɗaki da filo hagu da dama, ko a kujerar da kafinta ya yi daidai jikinsa, haɓarsa ta ɗan sunkuyo. Ku zauna daidai fuskarsa ko ƙasa kaɗan, don idan kuna tsaye zai ɗaga kai, hanyar huhu ta buɗe. Ƙaramin cokalin roba, rabinsa kawai, a ɗora a tsakiyar harshe a ɗan danna, a jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara. Sau 5 ko 6 a rana kaɗan-kaɗan, kada zama ɗaya ya wuce minti 30, domin gajiya tana ƙara ƙwarewa. Bayan ya gama ya zauna wani minti 30 kafin a kwantar da shi, a goge abin da ya maƙale a kumatu. Gyaɗa, aya, gurjiya, alewa da kifi mai ƙaya a nisanta su, a kuma ja kunnen sauran jikoki masu ba shi don tausayi.

Idan abu ya maƙale yana tari, a bar shi ya yi tarin. Idan ya kasa tari da kuka, leɓe ya fara sauya launi, a kifa shi a cinya kai ƙasa-ƙasa a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. Bai fito ba, a rungume shi ta baya, a sa dunƙulen hannu sama da cibiya kaɗan a fizgo ciki da sama sau 5, a yi ta sauyawa. Kada a zura yatsa ana lalube, tura abin ake yi. Idan duk da haka yana ramewa, ku nemi likita ya duba haɗiyarsa. Wani yaron sai an taimaka masa da robar abinci na wani lokaci.

"Ɗan ƙanwata mai shekara 5 komai ya samu sai baki: ƙasa, sabulu, gawayi. Ya taɓa kurɓar kananzir muka ba shi manja ya yi amai. Daidai muka yi?" Anti H., Unguwar Mu'azu

Allah ya tsare, amma ba daidai ba ne. Kananzir a ciki bai cika yin ɓarna ba, a huhu yake yi, ɗan kaɗan ya isa. Amai kuwa dama ce ta biyu da yake samu ya shiga huhun. Ba manja, ba madara, ba yatsa a maƙoshi. A cire tufar da ta jiƙe, a wanke jiki, a tafi asibiti ko yaron yana wasa, domin wahalar numfashi takan ɗauki awanni kafin ta bayyana. Haka sodar haɗa sabulu, tana ƙona maƙoshi in za ta sauka, ta sake ƙonawa in an amayo ta. Fiya-fiya da shinkafar ɓera a tafi da kwalbar ko ledar, likita ya gani.

Kusan duk labarin shan kananzir daga gorar lemo ko ta ruwa yake farawa. A bar shi a jarkarsa, a kulle a akwati mai kwaɗo tare da magungunan gida. Ɗorawa a kan kwaba ba ya hana yaron da ya iya hawa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo na agogo da rimot da kayan wasa. Idan ya maƙale a maƙoshi yana iya cin nama cikin awa 2. A manne murafen da salatif, wanda ya mutu a fitar da shi daga gida. In an haɗiye, asibiti kai tsaye. A hanya, yaron da ya haura shekara 1 kuma yake haɗiya lafiya ana iya ba shi zuma ƙaramin cokali 2 duk minti 10, har sau 6. Sannan a auna jinin yaron nan, cin ƙasa yakan tafi tare da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini.

"Ina koyarwa a firamare. Akwai yaro mai lalurar Down a ajina, yana son wasan alkafura da kokawa. In hana shi?" Malama, Kawo

Malama, mu Hausawa mun jibga wa kalmar galahanga lalurori daban-daban, alhali kowace da irin haɗarinta. Na masu Down, lalurar da ake haihuwar yaro da ita mai kawo jinkirin fahimta, a ƙashin wuyansu yake. A wasunsu jijiyoyin da ke riƙe ƙashin wuya na farko da na biyu sun yi sako-sako, ko da yake kamar 1 ko 2 cikin 100 ne abin ke kai wa ga taɓa laka. Gudu, ƙwallo, rawa, duk ya yi, yana ma buƙatarsu. Alkafura, tsayuwa da ka, kokawa da shaƙo wuya a dakatar har likita ya duba shi. Idan kika ga ya fara karkata kai, yana kukan wuya, tafiyarsa ta sauya, abu yana suɓuce masa a hannu, ko ya fara sakin fitsari bayan da ya daina, ki kira iyayensa ranar.

"'Yata shekararta 8, ba ta tafiya ba ta magana. Na dawo daga unguwa na tarar cinyarta ta kumbura, tana kuka in an taɓa. Wadda na bar wa ita ta ce ba ta faɗi ba. Surukata ta ce a kira mai ɗori." Maman Ummi, Kabala

Maman Ummi, hoton ƙashi za a fara yi, yau. Ƙashin yaron da ba ya tsayawa yana yin laushi, saboda ɗaukar nauyi ne ke ƙarfafa ƙashi. Ƙarancin shiga rana da wasu magungunan farfaɗiya, irin fenobabiton, suna ƙara raunana shi. Irin wannan cinya tana iya karyewa ba faɗuwa, wajen sauya kunzugu, ko miƙar da ƙafar da ta ƙage da ƙarfi, ko ƙafa ta maƙale a zane ana sauke goyo. Don haka yana yiwuwa mai renon gaskiya ta faɗa.

Haɗarin ɗorin gida a nan ya fi na kowa. Idan karan ya matse, jini ya daina gudu, yaro mai baki zai ce ƙafarsa ta mutu, ita ba za ta ce ba, sai an ga yatsu sun yi baƙi. Kafin ku isa asibiti a ɗora ta a kan katako ko tabarma mai kauri, a tallafe ƙafar yadda take da filo, kada a ja ta.

Duk da haka ki buɗe ido. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna yara masu naƙasa sun fi sauran yara fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu, kuma wanda ba ya magana ba ya kai ƙara. Ki riƙa duba jikinta duka lokacin wanka. Ƙurma a goshi ko ƙwauri abu ne da aka saba gani ga yaro mai yawo, amma tabo a kunne, wuya, ciki, bayan cinya ko al'aura a jikin yarinyar da ba ta ko rarrafe yana son bayani, haka shatar bulala ko ƙuna mai siffar wani abu. Ki nuna wa likita, ki gaya masa wa da wa ke zama da ita.

Idan ta warke, ku nemi sashen gashin ƙashi su koya wa duk mai ɗaukarta yadda ake yi: hannu ɗaya a bayan kafaɗu, ɗaya a ƙarƙashin cinyoyi, gwiwoyi a lanƙwashe, ba a jan hannu ko ƙafa. A fitar da ita hantsi kullum, a tambaye su katakon tsayuwa da za a riƙa jingina ta a kai, a kuma riƙa juya ta duk awa 2 idan tana kwance. Wurin da ya yi ja ko duhu a ƙugu, ɗuwawu ko diddige, bai koma daidai ba minti 30 bayan an juya ta, gyambon kwanciya ne ya fara, kada a sake kwantar da ita a kansa sai ya washe.